Darasi na 14: Yawon Kallon Tsuntsaye da Namun Daji a Fadamar Haɗeja da Nguru

Kowa a cikinmu ya san tafiya. Akwai tafiyar fatauci, akwai ta cin rani, akwai ta gaisuwar mutuwa da ta biki. Yau za mu karanta labarin wata irin tafiya dabam. Mai yin wannan ba ya ɗaukar kaya, ba ya rataya baka ko bindiga. Da ƙafa yakan tafi, don ya ga tsuntsaye da namun daji a inda suke zaune, ya san halinsu, sa'an nan ya komo gida ya bar su lafiya. Wurin da za mu yi misali da shi kuwa shi ne babbar fadamar nan da ke tsakanin Haɗeja da Nguru da Gashuwa. Wani sashi nata yana cikin Jihar Jigawa, wani yana cikin Jihar Yobe.

Yadda ƙasar take

Koguna biyu ne ke kawo ruwan wannan fadama. Ɗaya shi ne Kogin Haɗeja, wanda ke fitowa daga ƙasar Kano. Ɗayan shi ne Kogin Jama'are, wanda ke gangarowa daga duwatsun Jos. Kusa da Gashuwa suke gamuwa su zama kogi ɗaya, watau Kogin Yobe, shi kuwa ya nufi gabas har Tabkin Cadi.

To, me ya sa ruwan ya bazu haka a nan, bai wuce a cikin kwari ɗaya ba kamar sauran koguna? Dalilin yashi ne. Shekaru dubbai da suka wuce an yi wani dogon fari, har hamada ta sauko nan. Iska ta tara yashi tudu tudu, dogaye, a jere kamar kunyoyin gona. Dukansu sun miƙe daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma, watau yadda iskar hunturu ke busowa har yau. Irin wannan tudun yashi shi muke kira jigawa, daga nan ma Jihar Jigawa ta sami sunanta. Da ruwa ya komo duniya, ciyawa da itatuwa suka kama tuddan, suka daina tafiya. Yanzu in kogunan nan sun cika suka iso wurin, sai su tarar da jigayi sun tare musu hanya. Tilas su rarrabu, su bi tsakanin tudu da tudu. Nan ruwa ya kwanta ya zama tabki, can ya zama fadama, tudun kuwa yana tsaye a tsakiya kamar tsibiri.

Saboda haka a tafiyar safiya ɗaya mutum ya iya taka ƙasa iri uku. Ya hau jigawa, ya ratsa kurmi, ya sauka bakin ruwa. Kowacce da irin halittun da Allah ya zaunar a cikinta.

Mutane sun daɗe ƙwarai suna cin amfanin ruwan wannan yanki. A 1987 wani Bafillace yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin Jihar Yobe, sai ya ci karo da kwalekwale a binne. Masana suka auna, suka ce ya kai shekara 8,000. Ba a sami jirgin ruwan da ya girme shi ba a Afirka duka.

Shirin tafiya

Lokacin da ya fi kyau shi ne da kaka zuwa tsakiyar hunturu, watau daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Sa'an nan ruwa ya fara janyewa, hanya ta bushe, tsuntsaye kuwa sun taru a inda ruwa ya saura. A fita da asuba, bayan salla. In hantsi ya yi, kome yakan nemi inuwa ya ɓuya, sai kuma la'asar sakaliya.

Kada ka sa farar riga, gama tsuntsu yana hango fari tun daga nesa. Sa tsohuwar taguwa mai launin ƙasa. Ɗauki gorar ruwa, da malfa, da sanda, da takalmi mai rufe ƙafa. Ɗauki fensir da ɗan littafin rubutu kuma, za ku ji amfaninsu nan gaba. Masu zuwa daga birni sukan zo da madubin hangen nesa. Abu ne mai kyau, amma yaron da ya tashi yana kiwo yakan ga abin da mai madubi bai gani ba.

In kai baƙo ne, fara zuwa wurin mai unguwa ko bulama ka gaishe shi, ka faɗi abin da ya kawo ka, ka tambayi lafiyar hanya. Wannan ba abin wasa ba ne. Ka roƙa a haɗa ka da ɗan gari wanda ya san mashigi. Wasu wurare kuwa gandun gwamnati ne, kamar Dagona ta ƙasar Bade da Baturiya ta ƙasar Haɗeja. Ba a shiga sai da iznin malaman daji, ba a kuma farauta ko sarar itace a ciki.

Ku tafi biyu ko uku. In kun yi yawa, hira za ku yi, ba kallo ba. Ku sa rana a bayanku, don ku ga launin tsuntsu sosai. Ku sa iska a fuskarku, don kada ta kai wa dabba warinku. In ka ga abu, kada ka ɗaga hannu ka nuna. Tsaya cik, ka faɗa wa abokinka a hankali.

Karatun sawu a kan jigawa

Yawancin namun jigawa da dare suke yawo. Da wuya ka gan su da ido. Amma kowa ya wuce sai ya bar rubutunsa a kan yashi, kamar allo. Mai sammako shi ke karantawa, kafin iska da shanu su wanke.

Ga sawu kamar na ɗan kare, da alamar farce a gaban kowane yatsa. Wannan dila ne. In ƙanana ne ƙwarai, kuma sun nufi wani rami, to, yanyawa ce. Ga wani mai kama da shi, amma zagayayye, ba alamar farce ko ɗaya. Wannan kyanwar daji ce, gama ita takan janye faratanta in tana tafiya. Sawun zomo yakan ruɗi mutum. In yana gudu, ƙafafunsa na baya sukan sauka a gaban na gaba. Saboda haka manyan sawu biyun nan da ka gani a jere, su ke nuna inda ya nufa. Damo kuwa ba ya iya ɓoye kansa, don jelarsa tana jan layi a tsakanin sawunsa. In ka ga layi mai lanƙwasa ba ƙafa ko ɗaya a gefensa, kai ma ka san mai shi.

A nan ne ake jin tsoron kububuwa da kasa. Dukansu launin ƙasa gare su, ba su kuwa gudu in sun ji motsi. Kada ka sa hannu a rami, kada ka taka cikin duhuwa ba ka buga da sanda ba. In tsautsayi ya sa maciji ya sari wani, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A hana shi tafiya da ƙafarsa, a ɗauke shi a kai shi asibiti nan da nan, gama can ne allurar dafi take.

Cikin kurmi

Daga gindin tudu sai itatuwa su fara yawa. A wajen yashi akwai goruba da aduwa da magarya. In ka fara ganin bagaruwa da giyayya sun yi duhu, ka san ka iso inda ruwa ke kwanciya da damina. Dubi jikin itacen, za ka ga alamar inda ruwan bana ya tsaya.

A kurmi kunne ya fi ido aiki. Nemi gindin itace ka zauna, ka yi shiru kamar tsawon lokacin da mutum zai ci tuwo. Da fari ba za ka ji kome ba, don duk sun gan ka. Jim kaɗan sai kurciya ta soma kuka, cilakowa ta amsa, fakara ta fito tana tonon ƙasa. Wani lokaci garken jan biri yakan ratsa, babban namijin yana can gefe yana gadi. A tsofaffin littattafan Turawa an ambaci barewa da gada da mugun dawa da yawa a wannan yanki. Yau sai mai sa'a ke ganin ko ɗaya.

Bakin ruwa

Nan ne kasuwa take ci. Kafin ka iso za ka ji fiton kirinjijiya, agwagwar nan mai farar fuska, ɗari bisa ɗari. Ga dinya, wadda ta fi su girma duka, tana da ƙaho a gaɓar fiffike. Ga zalɓe tsaye cikin ruwa kamar an kafa sanda, yana jiran kifi ya manta da shi. Ga balbela a bayan shanun Filani, tana cin farin da ƙafafunsu suka tayar. Ga jinjimi mai lanƙwasasshen baki yana caccakar taɓo. Shi kuwa zakaran ƙeƙuwa shi ne ɗan sandan wurin. Da ya gan ka sai ya tashi yana ihu, ya tona maka asiri ga kowa.

Akwai biyu da ya kamata ka tsaya ka dube su da kyau. Na fari wani ɗan tsuntsu ne ja, mai farin wuya, wanda ke tafiya bisa ganyen bado kamar a kan tabarma. Yatsunsa dogaye ne ƙwarai, su ke raba nauyinsa, shi ya sa ba ya nutsewa. A wurinsu namiji ne ke kwanci, shi ke renon 'ya'ya. In ya ga haɗari sai ya kwashe su a ƙarƙashin fikafikansa ya gudu, ƙafafunsu na reto. Na biyu wani baƙin zalɓe ne ƙarami. Shi yakan buɗe fikafikansa ya rufe kansa kamar laima. Ƙananan kifaye su ga inuwa su taho, sai ya cafke.

Inda ruwa ya riga ya ƙafe, taɓo ya tsattsage, kada ka ce ba kowa. Gaiwa tana ƙasa. Ita kifi ce, amma tana da huhu. In ta ga ruwa zai ƙare sai ta nutsa cikin laka, ta naɗe, ta lulluɓe kanta da yauƙin jikinta, ta bar 'yar kafa ta shan iska. Haka za ta kwana watanni ba ci ba sha, sai ruwan sabuwar shekara ya tashe ta.

Ruwan fadama yana da sanyi da daɗin gani, amma kada ka yi wanka a ciki, kada ka sha. Ƙananan katantanwa da ke manne da ciyawar ruwa su ke ɗauke da ƙwayar tsargiya, watau fitsarin jini. Ta fata take shiga. Wanda ya ga jini a fitsarinsa ya tafi asibiti, akwai maganinta.

Baƙi daga nesa

Kowane manomi ya san shamuwa. In ta sauka a kan tsamiyar gari, ya san damina ta kusa, sai ya gyara gona. In kaka ta yi sai a neme ta a rasa. Ina ta tafi? Kudu take zuwa, har ƙasashen Zambiya da Zimbabuwe da Afirka ta Kudu, gama lokacin da muke rani su damina suke yi. Fara da tsutsa take bi, can da nan.

To, sa'ad da shamuwa ke barinmu, wasu baƙi ke isowa daga arewa. A ƙasashen Turai da Rasha sanyi yakan yi tsanani har ruwan tabki ya daskare ya zama kamar dutse. Tsuntsun ruwa ba shi da abinci, tilas ya yi ƙaura. Sukan ƙetare teku, su ƙetare hamadar Sahara, wadda faɗinta ya fi mil 1,000, ba ruwa ba inuwa. Wasunsu sukan yi tafiyar da ta fi mil 3,000. Ruwan fari da suke tararwa bayan hamada shi ne irin na Tabkin Cadi da wannan fadama tamu. Cin rani suke zuwa, kamar yadda mutanenmu ke yi.

Cikinsu akwai wata 'yar agwagwa wadda namijinta ke da farin layi bisa ido kamar an ja da alli. Akwai wata mai dogon wuya da jela mai tsini. Akwai kuma wasu masu launin ƙasa da dogayen ƙafafu, waɗanda ke sauka dubu dubu a gonakin shinkafa bayan girbi suna kalar abin da ya zube. Wajen watan Maris duk su tashi su koma, can su yi sheƙa su yi ƙwai.

Yaya aka san haka? Da can Turawa kansu ba su sani ba. Har akwai masu ilmi a cikinsu da suka ce tsattsewa a cikin lakar tabki take kwana da hunturu, kamar gaiwa. Ana nan, a 1822, aka harbi wata babbar farar shamuwa a ƙasar Jamus. Da aka ɗauko ta sai ga mashi na mutanen Afirka soke a wuyanta. Ashe wani maharbi ya jefe ta a nan, ba ta mutu ba, ta tashi da mashin har gida. Tana nan har yau a ajiye a jami'ar birnin Rostok.

Daga baya, a 1899, wani malamin makaranta a ƙasar Denmak mai suna Mortensen ya ƙago dabara. Ya riƙa kama tsuntsaye yana sa musu ɗan zobe mara nauyi a ƙafa, da lamba da adireshi a jiki, sa'an nan ya sake su. Duk wanda ya tsinci tsuntsun a wata ƙasa sai ya aiko da labari. Yanzu ƙasashe da yawa suna yin haka.

Ga inda karatunku zai yi amfani. In masunci ya sami tsuntsu a cikin komarsa, ko yaro ya tsinci matacce, da zobe a ƙafa, ba tsafi ba ne, ba kuwa azurfa ba ce. Wasiƙa ce. Kwafe lambar daidai, harafi harafi. Rubuta ranar da aka same shi da sunan garin. Kai wa malaman daji ko malamin ajinku. In tsuntsun yana da rai, a sake shi da zobensa. Wanda ya kashe tsuntsu don zobe ya yi hasara biyu, gama zoben ko kwabo ba ya yi.

Saboda baƙin nan ne sunan fadamar ya kai nesa. An ƙidaya tsuntsaye iri fiye da 300 a cikinta. A 1989 Yarima Filib, mijin Sarauniyar Ingila ta lokacin, ya zo Dagona takanas don ya gan su. A 1991 aka sa Dagona cikin babban gandun daji na ƙasa na yankin Tabkin Cadi. A shekara ta 2000 kuma aka rubuta Tabkin Nguru cikin jerin fadamun da ƙasashen duniya suka yi alkawarin tsarewa, alkawarin da aka ƙulla a birnin Ramsar na Iran a 1971.

Abin da ya ragu

Tambayi kowane dattijo a Nguru ko Gashuwa labarin gauraka. Zai gaya maka da can garke garke suke sauka, da gashin nan nasu na ka kamar zinariya, miji da mata suna rawa suna tsalle. Yau yaro ya iya girma bai taɓa ganin ɗaya a daji ba. An kama su an sayar wa masu kuɗi su ajiye a gida don ado. Gauraka kuwa a cikin ciyawar fadama take sheƙa da damina, in ba fadama ba 'ya'ya.

Ruwan ma ba kamar da ba ne. An yi fari mai tsanani a 1973, aka kuma a 1984. A 1974 aka gama madatsar Tiga, a 1992 aka gama ta Calawa. Madatsun nan sun yi amfani, ba mai musu. Su ke shayar da birnin Kano, ruwan Tiga ne ke noman rani a Kadawa da Kura. Amma sun sake halin kogin. Da can yakan cika da damina ya malale ko'ina, da rani ya ƙafe ƙaf. Yanzu cikar ta ragu, da rani kuwa ruwa ba ya yankewa a wasu rassan. Wannan shi kacala ke so. Ta tsiro ta fi mutum tsawo, ta toshe hanyoyin ruwa, yashi ya taru a gindinta. Sai ka ga wani gari ruwa ya ci gonakinsa, wani kuwa can gaba ko ɗigo bai samu ba. Jan-baki kuma ya sami masauki a cikinta, daga nan yake fita ya auka wa gero da shinkafa.

Wani zai ce, mu da ke fama da jan-baki, ina ruwanmu da kallon tsuntsu? Tambaya ce mai kyau. Amma jan-baki iri ɗaya ne cikin fiye da 300. Shamuwa da balbela fara suke ci, mujiya ɓera take ci, ba a kuwa biyansu lada. Wanda ya zuba guba a bakin ruwa don ya kama agwagwa, ya kashe mai laifi da mara laifi, ya kuma kai wa mutane naman guba kasuwa. Ban da haka, ruwan da ke riƙe kirinjijiya shi ke riƙe tarwaɗa da karfasa, shi ke ba da shinkafa, shi ke tsirar da burugun da shanu ke ci da rani. In tsuntsayen wani tabki suka ragu shekara bisa shekara, masunci da manomi da makiyayi su shirya, abin yana zuwa kansu.

Don haka ne masana ke zuwa cikin watan Janairu su ƙidaya tsuntsayen ruwa. Ku ma kun iya. Ba a ƙirga babban garke ɗaya ɗaya. Ƙirga goma, ka dubi faɗin wurin da suka cika. Sa'an nan ka riƙa aunawa da ido, goma, ashirin, talatin, har ɗari. In ka san girman ɗari, sai ka auna sauran da ɗari ɗari. Abokinka shi ma ya yi nasa, kada ya ji naka. In kai ka sami 400, shi ya sami 500, ku rubuta 450.

Ga yadda za ka rubuta a littafinka. A sama ka sa sunan wurin da kwanan wata. A ƙasa ka sa sunan kowane tsuntsu da yawansa. In ba ka san sunansa ba, rubuta girmansa, ko ya kai kurciya ko ya kai zabo, da launin bakinsa da na ƙafarsa, sa'an nan ka tambayi tsohon masunci. Baɗi war haka ka koma wurin nan, ka tsaya gindin itacen nan, ka sake ƙirgawa.

Tambayoyi

Waɗanne koguna ne ke kawo ruwan fadamar Haɗeja da Nguru?

Yaya za ka bambanta sawun dila da na kyanwar daji?

Me za ka yi in ka tsinci tsuntsu da zobe a ƙafa?

Audu ya ƙirga dinya 260, Tanko ya ƙirga 300. Nawa za su rubuta?

Rubuta sunayen tsuntsaye biyar da ake gani a fadamar garinku. Tambayi wani dattijo sunan ɗaya wanda da akwai shi, yanzu babu, ka kawo aji ran Litinin.